Dokta Byang Kato (1936–1975): Bawan Allah Da Ya San Inda Za Shi

Duk wanda ya zauna a aji a Nijeriya ya taɓa jin sunan Nok. Ƙaramin gari ne a Ƙaramar Hukumar Jaba, a kudancin Jihar Kaduna, amma sunansa ya kai ƙasashen da mutanensa ba su taɓa takawa ba. A shekarar 1928 masu haƙar kuza suka fara tono sassaƙe-sassaƙen yumɓu a wurin. A 1943 kuma aka sami wani kan mutum na yumɓu a wajen Jama'a, wanda ma'aikacin da ya tsince shi ya kai gonarsa ta doya ya kafa domin ya tsorata masu ɓarna. Can ya zauna yana gadin doya, rana ta dake shi, ruwa ya dake shi, har labarinsa ya kai kunnen Bernard Fagg, wanda ya gane cewa aikin hannun mutanen da suka rayu ne fiye da shekara 2,000 da suka shige.

Haka abu mai daraja yakan zauna a gona ba wanda ya san farashinsa. A wannan ƙasa ta Ham, wadda Hausawa ke kira Jaba, ba nisa da Nok, aka haifi wani yaro wanda shi ma ya fara rayuwa a gona, ba riga, ba takalmi, amma kafin ya cika shekara 40 ikilisiyoyin Afirka da na ƙetare suna kasa kunne ga muryarsa. Sunansa Byang Henry Kato.

Haihuwarsa da tasowarsa

An haifi Byang Kato a watan Yuni na 1936 a Sabzuro, cikin garin Kwoi. A lokacin bishara ta riga ta yi shekara 26 a garin, gama ma'aikatan mishan na SIM sun buɗe tasharsu a Kwoi tun 1910, kuma Littafi Mai Tsarki cikin Hausa ya fito a 1932. Duk da haka gidan da aka haifi Byang gidan gargajiya ne sosai. Mahaifinsa mai riƙe da addinin kakanni ne, kuma tun yaron yana jariri aka keɓe shi domin ya zama firist na tsafin gidansu in ya girma.

Ya tashi kamar sauran yaran ƙauye na wancan zamani: noma da damina, kiwon awaki, zama gindin manya da dare ana jin labarin kakanni. Da ya kai wajen shekara 10, aka kai shi daji tare da tsaransa domin al'adar shiga sahun maza, inda ake koya wa yara asiran dangi da jimrewa da wahala. Wannan ya zama da muhimmanci daga baya. Sa'ad da Byang ya yi rubutu a kan addinin gargajiya, ya yi shi ne a matsayin ɗan gida wanda ya ga abin da idonsa, ya kuma san tsoron da ke cikinsa da dare.

Akwatin magana da jirgin Nuhu

Akwai wata baturiyar mishan a Kwoi mai suna Mary Haas, wadda takan zaga unguwanni tana wa'azi, tana ɗauke da garmaho. A zamanin da ba rediyo a ƙauye, akwatin da ke magana da waƙa ba ƙaramin abin kallo ba ne, kuma yara sukan kewaye shi kamar ƙudaje sun ga zuma. Byang yana cikin waɗanda akwatin ya jawo. Daga kallon akwati ya shiga makarantar Lahadi, daga nan ya fara roƙon a bar shi ya shiga makarantar mishan. Mahaifinsa bai so ba, domin hannu ɗaya zai ragu a gona, kuma wanda aka keɓe wa tsafi ba shi da abin nema a gidan mishan. Da ƙyar aka yarda, bisa sharaɗin cewa aikin gona ba zai kwanta ba.

Yana ɗan shekara 12, wata rana malaminsu, wanda ɗan ƙasa ne, ya ba su labarin Nuhu da jirginsa: yadda Allah ya yi gargaɗi, yadda mutane suka yi ba'a, yadda aka rufe ƙofa, yadda waɗanda ke ciki kaɗai suka tsira. Malamin ya nuna musu cewa Yesu Kiristi shi ne mafakar da Allah ya tanada daga shari'a mai zuwa. Byang ya tashi a gaban 'yan ajinsu ya karɓi Yesu. Ya kamata iyaye da malaman makarantar Lahadi su lura da wannan. Babban malamin tauhidin nan bai tuba a babban taro ba, kuma ba mashahurin mai wa'azi ne ya kira shi ba. Labari ne wanda kowane yaro ya sani, daga bakin malamin ƙauye, a ranar makaranta kamar kowace rana.

Da labari ya isa gida, mahaifinsa ya husata ƙwarai. Ya yi masa dūka, ya hana shi abinci, ya ƙwace rigarsa, ya kuma janye hannunsa daga biyan kuɗin makaranta. Yaron bai ja da baya ba. Ya nemi ɗan aiki a wurin mishan domin ya sami kuɗin makaranta da na sutura, kuma a 1948 aka yi masa baftisma. Ya shiga ƙungiyar Boys' Brigade, inda ya koyi horo da shugabanci. Bai rama wa mahaifinsa da rashin kunya ba, bai kuma gudu daga gona ba. Bayan shekaru, iyayen nan da suka tsananta masa su ma suka ba da gaskiya. Mahaƙurci mawadaci, in ji masu iya magana.

Rigar da aka ƙwace da rigar da aka bayar

Kamar yadda yakan faru da matasa da yawa, bayan zafin farko sai sanyi ya shigo. Byang yana zuwa sujada, sunansa yana cikin littafin ikilisiya, amma zuciyarsa ta fara karkata ga sha'awace-sha'awacen ƙuruciya. A 1953 aka yi babbar falkaswa a Kwoi. Mutane suka riƙa fitowa suna furta zunubansu a fili, suna mayar da abin da suka ɗauka, suna kawo baiko. Byang ya fita gaba da hawaye ya furta nasa. Ba shi da kuɗin da zai sa, sai ya tuɓe rigarsa ya ajiye tare da sauran baye-baye, ya durƙusa yana addu'a. A nan ya fahimci cewa Ubangiji yana neman ransa dukka, ya kuwa miƙa kansa ga aikin Allah.

Riga biyu ke nan a tarihinsa. Ta fari an ƙwace ta da ƙarfi saboda ya bi Yesu, ta biyu shi ya tuɓe da hannunsa saboda yana so ya bi shi da gaske. Daga wannan rana zaman tsarki ya zama masa al'amari na kullum: karatun Maganar Allah da addu'a da sassafe, gaskiya a sha'anin kuɗi, da kiyaye kai.

Neman ilimi da kafa gida

A 1954 ikilisiyoyin da suka fito daga aikin SIM suka haɗu suka zama ECWA. Shekara guda bayan haka Byang ya tafi Kwalejin Littafi Mai Tsarki ta Igbaja, a ƙasar Yarabawa cikin Jihar Kwara ta yanzu, ya gama a 1957. A farkon wannan shekara ya auri Jummai, 'yar ƙasarsu, kuma Allah ya ba su 'ya'ya uku, mace ɗaya da maza biyu.

Ya koyar a makarantun Littafi Mai Tsarki na yankinsu, ya yi aiki da matasa, sa'an nan aka kai shi Legas wurin mujallar African Challenge, inda yake rubutu yana kuma amsa wasiƙun masu karatu da ke neman shawara. A wannan aiki ya ga irin tambayoyin da ke damun matasan Afirka masu ilimin boko, ya kuma ga cewa ikilisiya ba ta shirya amsa musu ba.

Shi kansa bai sami zuwa makarantar sakandare ba. Maimakon ya zauna yana kukan rashin gata, sai ya yi karatu ta hanyar wasiƙa, da dare bayan aiki, da iyali a wuyansa, har ya ci jarrabawar GCE mataki na fari da na biyu. A 1963 ya tafi Ingila, Kwalejin Littafi Mai Tsarki ta Landan, ya sami digirin tauhidi na Jami'ar Landan. Da ya dawo ya koyar a Igbaja, wurin da ya taɓa zama ɗalibi.

Magatakarda a kwanakin yaƙi

A 1967 aka zaɓe shi Babban Magatakardan ECWA, yana da shekara 31, ya koma Jos. A watan Yulin wannan shekara yaƙin basasa ya ɓarke, bai ƙare ba sai Janairun 1970. Ikilisiyar da yake yi wa hidima tana da 'ya'ya a ɓangarori biyu na fagen fama, kuma zukata cike suke da ɗaci bayan kashe-kashen 1966. Byang ya sa hannu cikin aikin agaji ga waɗanda yaƙi ya tagayyara, ya kuma yi ta tuna wa masu bi cewa jikin Kiristi ɗaya ne ko da ƙasa ta tsage. Wanda ya ga yunwa da gawawwaki a irin wannan lokaci ba ya ɗaukar zancen mutuwa da abin da ke bayanta kamar darasin aji kawai.

A 1970 ya tafi Amurka, Makarantar Tauhidi ta Dallas. Ya sami digiri na biyu a 1971, da rubutu a kan iyakar abin da mutum zai iya sani game da Allah ta wurin halitta, inda ya ɗauki addinin mutanensa na Jaba ya zama misali. Digirinsa na dokta ya fito a 1974.

Ikilisiya mai ƙarancin jini

A farkon 1973 Ƙungiyar Masu Bishara ta Afirka da Madagaska, wadda aka kafa a 1966, ta yi babban taronta a Limuru cikin ƙasar Kenya. Byang ya yi jawabi a wurin wanda ba a manta da shi ba. Ya kwatanta ikilisiyar Afirka da mai fama da ƙarancin jini: ga jiki yana ta girma, ga majami'u suna cika, amma koyarwar da za ta riƙe jikin ba ta isa ba. Kowace uwa ta san irin wannan yaro, wanda ake yaba ƙibarsa a kasuwa, amma zazzaɓi kaɗan ya kwantar da shi. Taron ya zaɓe shi Babban Magatakarda, ɗan Afirka na fari da ya riƙe wannan matsayi, aka kuma danƙa masa hukumar tauhidi ta ƙungiyar. Ya koma Nairobi da iyalinsa.

Zamanin yana da wuya. Ƙasashen Afirka sun sami 'yancin kai, kuma akwai ƙishin komawa ga al'adun gargajiya, abin da yake da kyau ta fuskoki da yawa. Amma a wasu wurare an mai da shi sanda. A Zayar, gwamnatin Mobutu ta hana sunayen baftisma a 1972. A Chadi, Shugaba Tombalbaye ya tilasta wa mutanen kudu shiga al'adar tsafi da ake kira yondo, aka kuwa tsananta wa Kiristocin da suka ƙi, har wasu suka rasa rayukansu. Mutumin da aka kai daji yana ɗan shekara 10 ya san abin da ake nema daga wurinsu, ya kuma san dalilin da ya sa suka ƙi.

Matsayinsa a kan al'ada a fili yake. Bai ce ɗan Afirka ya zama Bature kafin ya zama Kirista ba. Ya so a yi sujada da harshen gida, da waƙoƙin gida, da kayan kiɗan gida, a sa tufafin gida, a riƙe girmama manya da karɓar baƙi da zumunci. Abin da ya nace a kai shi ne, Littafi Mai Tsarki ne zai auna al'ada, abin da ya dace a riƙe, abin da ya saɓa a bari. Wannan ne ya kai gaban babban taron bishara na duniya da aka yi a Lausanne ta ƙasar Suwizalan a watan Yulin 1974, inda wakilai daga ƙasashe wajen 150 suka hallara. Ya zama mataimakin shugaban Zumuntar Masu Bishara ta Duniya, kuma shugaban hukumarta ta tauhidi.

Koyarwarsa a kan abin da ke bayan kabari

A 1975 aka buga littafinsa mai suna Theological Pitfalls in Africa a Kisumu, wato ramukan da tauhidi zai iya faɗawa a Afirka, kuma Billy Graham ne ya rubuta masa gabatarwa. Babban ramin da ya nuna shi ne koyarwar da ke cewa a ƙarshe kowa zai tsira, ko ya ba da gaskiya ga Kiristi ko bai bayar ba, domin dukan addinai hanyoyi ne zuwa gida ɗaya. Magana ce mai daɗin ji, musamman a wurin makoki. Byang ya ga cewa idan ta kafu, gicciye ya zama ba shi da amfani, aikin bishara ya zama ɓata lokaci, zaman tsarki kuma ya zama wahalar banza.

Ya yarda cewa kakanninsa sun san akwai Mahalicci. Mutanen Ham suna kiransa Nom tun kafin Bature ya zo, kuma wannan ya yi daidai da abin da Manzo Bulus ya koyar a Romawa sura 1, cewa halitta tana shaidar Mahaliccinta. Amma sanin akwai sarki daban ne da samun shiga fadarsa. A ganin Byang, addinin gargajiya kuka ne na mai neman taimako, amsar kukan kuwa tana cikin Yesu Kiristi kaɗai, kamar yadda Yohanna 14:6 da Ayyukan Manzanni 4:12 suka nuna. Ya kuma lura cewa a gargajiyance an fi ɗaukar zunubi a matsayin laifi ga dangi da al'umma, wanda za a iya gyarawa da akuya ko tulun giya, alhali Littafi Mai Tsarki ya nuna shi tawaye ne ga Allah mai tsarki.

A cikin littafin ya yi muhawara da manyan malamai, musamman John Mbiti na Kenya da Bolaji Idowu na Nijeriya. Mbiti ya koyar cewa a tunanin gargajiya na Afirka lokaci yana da dogon baya da yanzu, amma gabansa gajere ne, kuma matattu suna komawa baya ne cikin taron kakanni. Byang bai yarda cewa ɗan Afirka ba ya hangen nesa ba. Manomin citta na ƙasar Jaba ma shaida ne: yakan ɓoye iri mai kyau ya hana kansa sayarwa ko da farashi ya hau, ya shuka da farkon damina, ya rufe da ciyawa, ya jira watanni kafin ya ga abin da ke ƙarƙashin ƙasa. Wanda ya iya wannan zai iya fahimtar alkawarin da ke gaba. Abin da Byang ya riƙe shi ne abin da ikilisiya ta riƙe tun farko: Kiristi zai dawo a bayyane, matattu za su tashi da jiki, za a yi shari'a, akwai rai madawwami, akwai kuma hallaka madawwamiya. Mutum sau ɗaya yake mutuwa, bayan haka sai shari'a, bisa ga Ibraniyawa 9:27. Mai bi da ya mutu yana wurin Ubangijinsa, ba ya yawo a bayan gida yana neman a zuba masa giya, ba ya kuma dawowa cikin jikin jika.

Ba kowa ne ya yarda da shi ba. Wasu sun ce harshensa ya yi kaifi a kan 'yan'uwansa malamai, wasu kuma, irin su Kwame Bediako na Gana, sun ga cewa bai ba gadon addinin Afirka matsayin da ya kamata ba. Muhawarar tana nan a makarantun tauhidi har yau. Amma ko masu sukarsa sun yarda cewa tambayar da ya ɗaga ta gaske ce, kuma ya ɗaga ta ne saboda kishin ikilisiya.

Tsarki da fara'a

Akwai masu zaton cewa alamar tsarki ita ce ɗaure fuska. A wasu gidaje, da zarar maigida ya dawo daga taron dattawa, yara sukan watse kamar kaji sun ga shaho, dariya kuma ta koma bayan ɗaki. Waɗanda suka zauna da Byang Kato sun shaide shi da akasin haka. Mutum ne mai sakin fuska, mai son mutane, mai sauƙin kai, wanda digirorinsa ba su hana shi zama da talaka ba. Mai tsanani ne a kan koyarwa, mai taushi ne a wurin hulɗa. Yana kula da sujadar iyali a gidansa, kuma a cikin abubuwan da suka fi faranta masa rai har da ganin 'ya'yansa sun karɓi Yesu tun suna ƙanana.

Waɗannan halaye biyu daga tushe ɗaya suka fito. Wanda ya tashi cikin tsoron maita da sammu da fushin kakanni, sa'an nan ya gane cewa Kiristi ya yi nasara da mutuwa, dole nauyi ya sauka daga kansa. Wanda kuma ya san zai tsaya gaban kursiyin shari'a na Kiristi, kamar yadda 2 Korintiyawa 5:10 ta faɗa, ba zai yi wasa da zunubi ba. Sanin inda za shi ne ya sa ya kiyaye tafiyarsa, shi ne kuma ya ba shi damar yin dariya a hanya. Littafin Misalai 17:22 ya kwatanta zuciya mai murna da magani, kuma murna tana cikin 'ya'yan Ruhu tare da kamewa, a jeri ɗaya.

Mombasa

Shekarar 1975 ta kasance mai nauyi ƙwarai a gare shi: tafiye-tafiye ƙasa zuwa ƙasa, laccoci, rubuce-rubuce, tarurruka. Daga ƙarshen Nuwamba zuwa farkon Disamba Majalisar Ikilisiyoyi ta Duniya ta yi babban taronta na biyar a Nairobi, ya kuwa halarta a matsayin ɗan kallo. Da aka tashi, ya tafi bakin teku kusa da Mombasa domin ya ɗan huta da iyalinsa. A ranar 19 ga Disamba 1975 ya nutse a ruwa. Yana da shekara 39, kuma bai cika shekara uku a ofishinsa na Nairobi ba.

Labarin ya girgiza ikilisiyoyi daga Kwoi har Dallas. Aka kawo gawarsa gida aka binne a Kwoi, cikin ƙasar da aka taɓa keɓe shi domin tsafi. Kamar yadda aka saba idan babban mutum ya mutu farat ɗaya, maganganu iri-iri sun yi ta yawo. Amma wanda ya karanta abin da Byang ya koyar ya san inda shi kansa zai sa yatsa: kwanakin mai bi suna hannun Ubangijinsa, kuma rabuwa da jiki zama ne tare da Kiristi. Yaron da ya shiga jirgi yana ɗan shekara 12 bai hallaka a ruwan Mombasa ba. Jikinsa ne ya nutse, shi kuwa ya isa gida.

Abin da ya bari

Byang ya yi mafarkin abubuwa huɗu domin maganin ƙarancin jinin da ya gani: manyan makarantun tauhidi guda biyu, ɗaya ga masu Faransanci ɗaya ga masu Turanci, hukumar da za ta riƙa auna ingancin makarantun tauhidi, mujallar ilimi, da littattafan da 'yan Afirka za su rubuta da kansu. Bai ga cikarsu da idonsa ba, amma sun tabbata. An kafa hukumar ACTEA a 1976. Makarantar tauhidi ta Bangui a Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya ta buɗe a 1977, ta Nairobi kuma a 1983, wadda daga baya ta zama jami'a. Wanda ya gaje shi, Dokta Tokunboh Adeyemo, shi ya jagoranci aikin sharhin Littafi Mai Tsarki dukka wanda malaman Afirka 70 suka rubuta, aka buga a 2006. A gida kuma, ɗakin karatu na makarantar tauhidi ta ECWA da ke Jos yana ɗauke da sunansa. Sophie de la Haye ta rubuta tarihinsa a 1986, Aiah Foday-Khabenje kuma ya fitar da wani a 2023.

Abin koyi ga iyalan masu bi

Ramin da Byang Kato ya nuna bai rufe ba, kuma ba a makarantun tauhidi kaɗai yake ba. Yana nan a ɗakin da yaro ke kwance ba lafiya, inda wata gwaggo takan matso ta raɗa cewa a gwada wurin wani mai magani, ai duk Allah ɗaya ne. Yana nan a wurin jana'iza, inda akan yi wa'azin tashin matattu da rana, da dare kuma a zauna binciken wanda ya ci mamacin, har a ɗora wa wata tsohuwa ko gwauruwa laifin maita. Yana nan a wurin masu wa'azin da suka mai da bege na sama ya zama mota da gida kawai. Iyalin da ba su san abin da suka gaskata game da mutuwa ba, rana ɗaya ta baƙin ciki ta isa ta mai da su inda kakanninsu suka fito.

Saboda haka iyaye su koya wa 'ya'yansu Maganar Allah tun suna ƙanana, kada su rena labarin Nuhu ko na Yusufu, gama ba a san wanda ke zaune a kan tabarma yana ji ba. Matashin da bai sami gata ba ya tuna da wanda ya yi karatu ta wasiƙa har ya zama dokta. Wanda ake tsananta masa a gida saboda bangaskiya ya riƙe ladabi da haƙuri, domin mai dūka na yau yana iya zama ɗan'uwa cikin Ubangiji gobe. Masu bi su riƙe harshensu da kyawawan al'adunsu ba tare da kunya ba, su kuma bar abin da Maganar Allah ta hana ba tare da tsoro ba. A bar yara su ji dariya a gidan Kirista, su kuma ji addu'a, domin su san cewa biyun 'yan ɗaki ɗaya ne.

Shekara 39 ba su da yawa a lissafin mutane. Da yawa sun ninka su ba su bar abin da za a tuna ba. Byang Kato ya yi amfani da nasa kamar wanda ya san za a tambaye shi, ya kuma tafi kamar wanda ya san ana jiransa. Ubangiji ya ba ikilisiyarsa a Nok da Kwoi da Kafanchan da Kagoro, da ko'ina cikin ƙasar nan, waɗansu irinsa, ya kuma sa kowane gida ya kasance a shirye har ranar bayyanuwar Yesu Kiristi. Amin.